Kwas ɗin Vipassana na kwana goma: tazarar da ke tsakanin zaman shiru da farkawa

Ba a biyan ko sisin kwabo a kwas ɗin Vipassana, wato dabarar zaman shiru da lura da abin da jiki ke ji wadda ta fito daga koyarwar Buddha, na tsarin malamin nan S. N. Goenka. Ba kuɗin koyarwa, ba na abinci, ba na ɗakin kwana. Abin da ake karɓa a hannun mutum shi ne wayarsa, da bakinsa, da ranaku goma sha biyu na rayuwarsa, domin a suna ne kawai yake kwana goma: ana isa da yammacin ranar da suke kira ranar sifili, a fita da safiyar rana ta goma sha ɗaya. Babbar cibiyar tsarin ita ce Dhamma Giri, a garin Igatpuri na jihar Maharashtra a Indiya, tafiyar kamar awa uku a jirgin ƙasa daga Mumbai, kuma tun 1976 ake zaman kwas a can. Akwai cibiyoyi a ƙasashe da dama, amma jadawali ɗaya ne, dokoki ɗaya ne, muryar mai koyarwa ma ɗaya ce. Don haka abin da za a faɗa a nan ya shafe su duka.

Kowace hidima da alkawarinta ake auna ta. Takardar dokokin da ake ba mai neman shiga ta fito fili ta ce nan ba wurin hutu ba ne, ba wurin sada zumunci ba ne, ba kuma asibiti ba ne. Manufar ƙarshe, in ji ta, ita ce cikakkiyar kuɓuta da cikakkiyar farkawa. To, magana ta yi nauyi ke nan. Kafin a ce kwas ɗin ya cika alkawari ko ya gaza, sai an san wane ne farkakke a wurin mabiya Buddha, domin yawancin masu fitowa suna yabo ko suna kushe ba da wannan ma'auni suke awo ba.

Wane ne farkakke?

Buddha ba sunan yanka ba ne, laƙabi ne, ma'anarsa wanda ya farka. Mutumin da aka fi sani da laƙabin, Siddhattha Gotama, an haife shi a Lumbini da ke cikin Nepal ta yau, ya yi rayuwarsa a kwarin kogin Ganges. Abin da mabiyansa suka ruwaito shi ne ya farka yana ɗan shekara 35 a Bodh Gaya, ya yi shekara 45 yana koyarwa, ya rasu yana da shekara 80 a Kusinara. Mazhabar Theravada, wadda ta fi ƙarfi a Burma (Myanmar ta yau) da Siri Lanka da Tailan, kuma wadda wannan kwas ya tsiro daga cikinta, ta kasa farkakku gida uku. Akwai cikakken Buddha, wanda ya gano hanya da kansa a zamanin da ta ɓace, ya kuma koyar da ita. Akwai wanda ya gano ta da kansa amma bai kafa koyarwa ba. Sai arahant, wanda ya ji koyarwar wani Buddha ya bi har ya kai. Sun bambanta a ilimi da baiwar koyarwa, amma kuɓutarsu iri ɗaya ce: wutar kwaɗayi, da wutar ƙiyayya, da wutar ruɗu sun mutu a zuciyarsu, mutuwar da ba tashi. Kalmar nibbana kanta, sunan da suke ba wannan kuɓuta, daga mutuwar wuta aka aro ta.

Abin da sabon shiga ke yawan kuskurewa shi ne zaton farkakke ya daina jin zafi. Tsofaffin nassoshin harshen Pali ba su ce haka ba. A cikinsu Buddha yana ciwon baya, har ya ce wa wani babban almajirinsa ya ci gaba da karantar da jama'a, shi zai ɗan miƙe. Tsinin dutse ya taɓa yanka masa ƙafa. Da ya tsufa ya kwatanta jikinsa da tsohon amalanke da aka ɗaɗɗaure da igiyoyi don ya ci gaba da tafiya, kuma ciwon ciki mai tsanani ne ya kama shi bayan cin abinci a gidan wani maƙeri mai suna Cunda, kafin rasuwarsa. Bambancin yana cikin misalin kibiya biyu. Mutumin da bai horu ba, in ciwo ya same shi, kibiya biyu ce ke sukarsa: ta jiki, sannan ta zuciya, wato ƙorafi da tsoro da “don me ni?”. Farkakke kibiyar farko kaɗai ke samunsa. Duk dabarar kwas ɗin nan a kan wannan misali take tsaye, za a ga haka nan gaba.

Ba a kuma ɗauki Buddha a matsayin mahalicci ko mai ceton wani ba. An ruwaito cewa wani mai suna Dona ya tambaye shi ko ɗaya ne daga cikin alloli, ko aljani, ko mutum. Ya ce duk a'a, domin dauɗar zuciyar da za ta sa a lissafa shi cikin ɗayansu ta riga ta yanke, kamar furen bado da ya tsiro a ruwa ya taso sama, ruwan bai jiƙa shi ba. Da wani mai yawon neman ilimi, Vacchagotta, ya matsa da tambayar ina farkakke ke zuwa bayan mutuwa, sai ya mayar masa da tambaya: wutar da ke ci a gabanka, in makamashi ya ƙare ta mutu, gabas ta tafi ko yamma? Tambayar ce ba ta hau ba. A ƙasashen mazhabar Mahayana, irin su Sin da Japan da Koriya da yankin Tibet, an faɗaɗa maganar sosai: an ɗaukaka bodhisattva, mai alwashin zama Buddha don amfanin dukan halitta, an yi maganar jiki uku na Buddha, an kuma ce kowane mai rai yana ɗauke da irin farkawa a cikinsa. Kwas ɗin Goenka ba ya shiga wannan fage, don haka mai nemansa ya nufi wani wurin.

Theravada ta auna hanyar da dabaibayi goma, a matakai huɗu. Na farko shi ne sotapanna, wanda ya shiga kwararar ruwa. Ya tsinke uku: ganin cewa akwai wani “ni” tabbatacce a cikin jiki da tunani, da kokwanto game da hanyar, da zaton tsarabe-tsaraben ibada su kaɗai za su kuɓutar. Suka ce ba zai wuce haihuwa bakwai nan gaba ba, kasancewar sun yi imani da sake haihuwa. Na biyu ya raunana sha'awar jin daɗin jiki da mugun nufi, saura dawowa ɗaya. Na uku ya tsinke waɗannan biyun gaba ɗaya. Arahant ne ke tsinke biyar na ƙarshe, masu laushi da wuyar gani: son wanzuwa mai siffa, son wanzuwa marar siffa, jin kai, rashin natsuwa, da jahilci. A lura cewa jin kai sai a matakin ƙarshe yake faɗuwa. Mutum zai iya barin sha'awa da fushi, amma yana nan yana auna kansa da wasu, ko da ta hanyar ganin ya fi su tawali'u ne.

Nassoshin sun ba da alamu na zahiri. Arahant ba zai iya kashe mai rai da gangan ba, ba zai yi sata ba, ba zai yi jima'i ba, ba zai yi ƙarya da sani ba, ba zai tara kayan more rayuwa ba, ba zai yanke hukunci don son rai ko ƙiyayya ko ruɗu ko tsoro ba. Abubuwa takwas da ke juya duniya ba sa girgiza shi: riba da asara, ɗaukaka da ƙasƙanci, yabo da zargi, daɗi da wuya. Kuma al'adar tana da tsananin kishi a kan iƙirari. Ɗan zuhudun da ya yi ƙaryar ya kai wani babban matsayi, korarsa ake daga jama'ar har abada, laifi ɗaya cikin manya huɗu, a sahu ɗaya da kisan mutum. Ko da gaskiya ne ya kai, laifi ne a kansa ya faɗa wa wanda ba ɗan zuhudu ba.

Wannan shi ne ma'aunin. Yanzu ga kayan.

Goenka ɗan kasuwa ne ɗan asalin Indiya, an haife shi a Mandalay ta Burma a 1924. Matsanancin ciwon kai na ɓari guda, wanda har ya kai likitoci na yi masa allurar mofin mai kashe zafi, shi ya kai shi wurin U Ba Khin, babban akanta na gwamnatin Burma mai koyar da wannan dabara. Ya yi shekara 14 a hannunsa, ya koma Indiya a 1969 ya fara koyarwa, ya rasu a 2013. Tun 1982 ya fara naɗa mataimakan malamai, kuma yau su ne ke zama a gaban zaure, amma umarnin da ake bi da jawabin dare duk naɗaɗɗiyar muryarsa ce da hotonsa na bidiyo.

Ana buga ƙararrawa ƙarfe 4 na asuba. Daga 4:30 zuwa 6:30 zama ne, a zaure ko a ɗaki. Karin kumallo da hutu har 8. Daga 8 zuwa 11 zama, awar farko ta taron kowa da kowa. Abincin rana ƙarfe 11, daga 12 zuwa 1 hutu da ganin malami. Daga 1 zuwa 5 zama, da awar taro daga 2:30 zuwa 3:30. Shayi ƙarfe 5. Taro na uku daga 6 zuwa 7, sai jawabin Goenka har wajen 8:15, gajeren zama zuwa 9, tambayoyi, a kashe fitila 9:30. In an tara, zaman ya haura awa goma a rana, wajen awa ɗari ke nan a kwas guda. Abinci ba nama ba kifi; a Igatpuri shinkafa ce da miyar wake da suke kira dal da gurasar capati da kayan lambu, mai sauƙi, mai isa. Da yamma sabon ɗalibi yana samun shayi da ɗan abin taɓawa, tsohon ɗalibi kuwa ba ya cin komai bayan tsakar rana. Maza da mata a rarrabe suke. Ba karatu, ba rubutu, ba kiɗa, ba taba, ba motsa jiki in ban da tafiya a filin da aka keɓe. Shirun ya haɗa da ido da hannu: ba kallon juna, ba nuni, ba miƙa takarda. Malami da mai kula da ɗalibai kaɗai ake yi wa magana. Kowa kuma yana ɗaukar alkawari biyar na tsawon kwas: ba kisan mai rai (har sauro), ba sata, ba jima'i, ba ƙarya, ba maye.

Kwana uku da rabi na farko na lura da numfashi ne, abin da suke kira anapana. Ba a sarrafa numfashin, ba a ƙirga shi, ba a haɗa shi da wata kalma ko wani hoto a zuci. Ana dai sa hankali a ƙofofin hanci, ana jin shigarsa da fitarsa yadda ya zo. A hankali sai a ƙuntata wurin, daga hancin gaba ɗaya zuwa ɗan filin da ke ƙasan hanci a saman leɓe, ana neman duk abin da fata ke ji a can: ɗumi, sanyi, ƙaiƙayi, motsi. Dalilin ƙuntatawar shi ne kaifafa hankali, domin ƙaramin wuri yana tilasta masa jin abu mai laushi. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne jan numfashi da ƙarfi don a ji shi, wanda ke kawo jiri da ciwon kai, da kuma yamutsa goshi ana bin hancin da ido a rufe, wanda ke tara nauyi tsakanin gira. In hankali ya tsere, mayar da shi ake ba tare da faɗa ba. A ranar farko da wuya ya tsaya minti ɗaya cur, kuma wannan ba alamar gazawa ba ce.

Da yammacin rana ta huɗu ake ba da Vipassana kanta, a zama guda na kusan awa biyu. Ana farawa daga maɗiga, a sauko da hankali gaɓa-gaɓa: fatar kai, fuska, hannun dama, na hagu, maƙogwaro, ƙirji, ciki, baya, ƙafafu, har yatsu. A kowane wuri ana tsayawa sai an ji wani abu, kowane iri ne, sannan a wuce. Inda ba a ji komai ba a dakata kamar minti ɗaya a ci gaba. A kwanakin da ke biye ana ƙara hawa daga ƙafa zuwa kai, sannan bin gaɓoɓi biyu a tare, sannan sharar jiki gaba ɗaya in ji ya yi laushi. Umarnin bai wuce biyu ba: ka lura, kada ka mayar da martani. Mai daɗi kada ka riƙe, mai zafi kada ka ture, domin duka biyun tasowa suke su gushe. Daga wannan rana kuma awoyin taro uku suna zama na ƙuduri: awa guda ba buɗe ido, ba buɗe hannu, ba warware ƙafa.

A nan ne kwas ɗin ya fi ƙarfi, kuma ya cancanci yabo ba ragi. Koyarwar Buddha ta jera yadda wahala ke haifuwa: haɗuwar gaɓa, kamar ido ko kunne ko fata, da abin da ta riska tana haifar da ji, ji yana haifar da ƙishirwa, ƙishirwa tana haifar da riƙo. Goenka ya ɗora yatsa a gaɓa guda ta wannan sarƙa, tsakanin ji da ƙishirwa, ya ce nan ne za a iya yanka. Zaman ƙuduri kuwa ɗakin gwaji ne na misalin kibiya biyu. Wajen minti arba'in gwiwa ta ɗau wuta, kwankwaso ya ƙage. Wanda ya daure ya duba ciwon da kyau yakan tarar ba dunƙule ɗaya ba ne, zafi ne da zogi da matsi, kowanne yana motsi, kuma mafi yawan azabar tana cikin ƙin da zuciya ke yi masa. Wannan abu ne da littafi ba ya koyarwa, gani ya kori ji. Mutum ya ɗanɗana na 'yan mintuna, a kan ciwo ɗaya, abin da aka ce farkakke yana cikinsa kullum a kan komai.

Sai dai akwai ciwon da ba na kallo ba ne. Zogi mai yawo da ke gushewa da zarar an miƙe, wannan na zama ne. Ciwo mai tsini a cikin gaɓar gwiwa, wanda ke nan bayan an tashi ana tafiya, rauni ne ke shirin faruwa, kuma sanadinsa yawanci ƙugu ne da ya yi ƙasa da gwiwa. Maganinsa a ƙara tsayin matashi har ƙugu ya ɗara gwiwoyi, a tallafe gwiwar da ke reto da ƙaramin matashi, in ya ƙi a nemi izinin kujera ko abin jingina, ana bayarwa. Ba wata lada a lalata gwiwa. Sauran matsalolin jiki sanannu ne: taurin ciki saboda zama da sauyin abinci, gyangyaɗi a zaman ƙarfe 1 ga wanda ya cika ciki, da ƙuncin rai ga mai shan taba da bai rage ba kafin ya zo. Goenka da kansa yana gargaɗi cewa rana ta biyu da ta shida ne aka fi son guduwa.

Matsalar da ta fi waɗannan haɗari ga mai neman farkawa daɗi ce. Daga rana ta bakwai zuwa ta tara wasu sukan ji jikin ya narke, ba sauran tauri, sai wani yam-yam mai laushi yana gudana daga kai zuwa ƙafa. Mutum sai ya ɗauka ya iso. Zama na gaba abin bai dawo ba, sai ya shiga farautarsa, ransa ya ɓaci. An gudu ba a tsira ba: kwaɗayin da aka zo kashewa ya sauya riga. Tun a ƙarni na biyar malamin nan Buddhaghosa, a Siri Lanka, ya lissafa abubuwa goma da ke ruɗar mai wannan aiki har ya zaci ya kai, ciki har da ganin haske, da farin ciki mai ratsa jiki, da natsuwa, da ƙarfin imani. Jawaban dare suna gargaɗi a kan wannan sau da yawa, a ba su hakkinsu. Amma tsarin da kansa, da yake umarni yana hawa daga ji mai kauri zuwa mai laushi, yana sa ɗalibi jin kamar akwai jarrabawar da wasu suka ci shi ya faɗi. Wanda ya ƙare kwana goma bai ji komai ba sai ciwon baya, amma ya daina faɗa da shi, ya fi kusa da manufar a kan wanda ya narke ya fito yana ba da labari.

Ga kuma iyakar da kwas ɗin ba zai iya tsallakewa ba. Cikin abubuwa takwas ɗin nan da aka ce ba sa girgiza farkakke, biyu kaɗai ake gwadawa a Igatpuri: daɗi da wuya. Ba mai zaginka, ba mai yabonka, ba ciniki balle asara, an dafa an ba ka, an buga maka ƙararrawa. Natsuwar da aka samu a irin wannan wuri ta gaskiya ce, amma ba a san nauyinta ba sai an ɗora mata kaya. Shi ya sa ake sakin baki da safiyar rana ta goma, bayan an koyar da metta, wato yi wa dukan halitta fatan alheri, don a ɗan saba da hayaniya kafin a fita. Sau da yawa awa guda ta hira ta isa ta nuna wa mutum cewa jin kansa yana nan daram. Goenka bai ɓoye wannan ba, yana cewa kwana goma matakin farko ne na doguwar tafiya. Masu tallata kwas ɗin a baki ne ke ƙara gishiri.

Koyarwa ta naɗaɗɗiyar murya tana da amfaninta: ba malamin da zai ƙara nasa, ba wanda zai gina wa kansa fada, abin da ya ɓata ƙungiyoyin irin wannan da yawa. Kuɗinta kuwa shi ne rashin sassauci. Ganin malami da rana na 'yan mintuna ne, kuma amsa takan koma wuri ɗaya: ci gaba da lura, wannan ma zai wuce. Ga mafi yawan tambayoyi amsar daidai ce. Ga wanda ya kwana uku bai runtsa ba, ko tsohon tashin hankali ya taso masa, ko ya fara jin kamar jikinsa ba nasa ba ne, ba ta isa ba, kuma mataimakan malamai ba likitocin ƙwaƙwalwa ba ne. Wani bincike da masana a Jami'ar Brown ta Amurka suka wallafa a 2017, bayan hira da mutum 60 masu irin wannan zama a mazhabobin Buddha daban-daban, ya tattara matsaloli kamar firgici da rashin barci da jin rabuwa da kai, wasu sun daɗe suna fama. Takardar neman shiga tana tambaya dalla-dalla game da lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa da magungunan da ake sha. Kada a ɓoye komai don a samu gurbi, kada kuma a dakatar da maganin likita saboda kwas. Wanda ke cikin matsanancin baƙin ciki ko ya taɓa samun taɓin hankali ya fara da likitansa.

Sai maganar da ake yawan maimaitawa, cewa wannan ba addini ba ne. Rabinta gaskiya ce. Ba a neman kowa ya sauya addini, ba gunki a zaure, kuma Goenka yana cewa abin da Buddha ya koyar dokar halitta ce da ta shafi kowa. A 1994 an yi wa fursunoni kusan dubu kwas a kurkukun Tihar na Delhi, mabiya addinai daban-daban, lokacin da Kiran Bedi ke shugabancin gidan. Ɗaya rabin kuma dole a faɗe shi. A daren buɗewa ana maimaita kalmomin neman mafaka ga Buddha da koyarwarsa da jama'arsa cikin harshen Pali, ko da yake ana fassara su da cewa mafaka ce ga siffar farkawa. Ana jin Goenka yana rera baitoci da asuba da farkon zama da ƙarshensa. Jawaban suna maganar sake haihuwa. Mafi muhimmanci, doka ta ce a dakatar da kowace irin addu'a da ibada har kwas ya ƙare, ta ambaci azumi da jan carbi da ƙona turare, kuma ana ajiye kayan ibada a ofis. Hujjarsu ita ce a gwada dabarar ita kaɗai ba gauraye. Duk wanda ke da ibadar da ba ya iya ajiyewa na kwana goma ya san da wannan tun kafin ya cike takarda, ya kuma yi magana da cibiyar a fili, kada sai ya shiga. Iƙirarin cewa dabarar ta zo ba yankewa tun daga Buddha shi ma a karɓe shi da taka-tsantsan. Silsilar da tarihi ya tabbatar ta tsaya ne a kan Ledi Sayadaw, wani ɗan zuhudu na Burma da ya rasu a 1923, ta bi ta Saya Thetgyi zuwa U Ba Khin, kuma tsofaffin nassoshi sun yi umarni da lura da ji amma ba su zayyana wannan bi daga maɗiga zuwa yatsu ba.

Ta fuskar kuɗi ba abin zargi. Ba a karɓar gudummawa sai daga wanda ya kammala kwas aƙalla sau ɗaya, kuma malamai da masu dafa abinci da masu kula da ɗalibai duk aikin sa kai suke. A ganina, ga mai lafiya, mai iya bin doka, wanda ya karanta sharuɗɗan ya yarda da su, da wuya a samu inda za a ba shi awa ɗari na horo mai tsari irin wannan. Ana neman gurbi ta shafinsu na intanet, kuma yakan cika da wuri. A Igatpuri ana koyarwa da Hindi da Ingilishi, akwai fassarar jawaban a harsuna da dama, sai a tambaya tun da wuri. Garin yana kan tsaunuka, ruwan sama mai yawa daga Yuni zuwa Satumba, sanyin asuba a Disamba da Janairu, don haka lema da tocila da mayafi mai kauri da tufafi sakakku masu rufe jiki suna cikin kaya.

Bayan fita, abin da ake nema shi ne awa guda da safe, awa guda da yamma, da kwas ɗaya a shekara, kuma a nan ne akasari ake zubewa. Kwas na kwana 20 ba ya karɓar mutum sai ya yi na kwana goma sau biyar, ya yi na kwana takwas a kan nassin kafa hankali, ya yi wa wasu hidima a kwas guda, ya kuma riƙe zaman yau da kullum na shekara biyu. Bayansa akwai na kwana 30, da 45, da 60, kowanne da sharuɗɗan da suka fi na baya tsauri, kuma babu ɗaya cikinsu da ake ba da takardar shaidar kai wani mataki a ƙarshensa.